Almajiran Bidiyon Arziki a Filinge

Tun da babbar waya ta cika fadojin Filinge, bidiyon "sirrin nasara" ya yi almajirai, kowa da irin karatunsa.

Akwai Mai Turawa. Kafin ladan ya kira assalatu ya zuba bidiyo bakwai a WhatsApp ɗin dangi, daga Shikal har Kwatano. Ko ɗaya bai kalla ba.

Akwai Ɗan Asuba, wanda wani mai kwat ya shaida wa cewa attajiran Amurka ƙarfe 5 suke tashi. Tsohonsa kuwa tun zamanin Shugaba Diori yake riga zakara farkawa, har yau jaki yake hawa.

Sai uban tafiya, Patron. Cin rani ɗaya ya yi a Abijan, ya dawo da baƙin tabarau da Faransancin da ba a koyarwa a lakkwal. Da ya zauna a fada, hira ta mutu. "Ku matsalarku ba ku da hangen nesa." Garke zai kafa wanda zai kunyata na cibiyar kiwon Tukunus, shanun Azawak zalla, cukunsa har Dubai. A yanzu dai akuya ɗaya ce, ita ma ta innarsa. Ya san hanyoyi bakwai na shigowar kuɗi, amma bai san hanyar butik ɗin da ake sayen sukari ba. Kofin shayi na farko nasa ne, na uku ma nasa. In ya kammala wa'azi sai ya sassauta murya: "Aboki, jika guda in sa forfe, akwai ci gaban darasi."

Mai Kwanciyar Hankali ya ƙware a lumshe ido da jan numfashi. An ce ya nisanci masu tayar masa da hankali, sai ya toshe lambar duk mai bin sa bashi.

Wanda ba na yi wa dariya shi ne Alƙali. Ruwa ya ɗauke gero na bununi, manomi ya tashi a tutar babu, shi kuma ya dube shi ya ce talauci a ƙwaƙwalwa yake. A nan Kurfai fa, inda tsofaffi ba su manta farin 1973 da 1984 ba! Wannan rashin kunya ce tsagwaronta. Ya je ya faɗa wa rumbu.

Na ƙarshe mu ne, masu dariya. Shirme kawai muke kallo, in ji mu. Amma fa tsakani da Allah, mai kwat ɗin nan, maganarsa kan ajiye dala ashirin kullum abin dubawa ce.