Araha Ba Ta Ado

Mai raina bindigar tokar maharban Potiskum, a ba shi labarin Sten. A 1941, bayan sojojin Ingila sun zubar da makamansu a Dunkirk suna janyewa daga gaban 'yan Nazi, sai Ingila ta ƙera wannan bindiga: bututun ƙarfe, ɗan walda, shi ke nan. Kuɗinta bai kai fam 3 ba. Har kamfanin kayan wasan yara, Lines Brothers, ya samu kwangila. An buga wajen miliyan 4.

Halinta fa? Ta faɗi ƙasa, ta tashi da kanta. A danna kunama, wani lokacin ta yi gum. A 1942, da aka je kashe Heydrich, jigon 'yan Nazi, ta cije a gabansa, sai gurneti ya ƙarasa aikin. Sojan da ke riƙe da ita ya fi abokin gaba addu'a.