Wace Yelwar?

Duk wanda ya taɓa fita da ransa daga cunkoson Kantin Kwari a Kano, idan ya sauka Bauchi sai ya riƙa tafiya yana ɗaga kafaɗa. Tituna a buɗe, duwatsu a gefe, ba mai tura ka da baro. Da wannan ɗaga kafaɗar na zo hutun ƙarshen shekara gidan Gwaggo a Fadaman Mada, tsakiyar hunturu, lokacin da hazo ke rufe duwatsun har ka rantse kwashe su aka yi cikin dare.

Jos na nan kusa, kuma ina zargin duk sanyin da ya yi musu yawa nan suke turo shi. Mutanen gidan ba su da hira sai ta ruwan Wikki na Yankari, wai ɗuminsa digiri 31 ne rani da damina, alhali ni ruwan da ya kwana a randa ne ke jirana a bokiti.

Niyyata ranar in ziyarci kabarin Abubakar Tafawa Balewa, wanda aka kashe a juyin mulkin Janairun 1966. Ina saka hula Gwaggo ta miƙo min kula cike da masa.

"Ɗan nan, biya ka kai wa Hajiya a Yelwa. Da zafinta nake so ta isa."

"Gwaggo, ina ne gidan?"

"Kusa da masallaci. Akwai darbejiya a ƙofa."

Na tari keke mai zuwa Wunti. Mu uku a baya, sai ga na huɗu. Direba ya ce, "Alhaji, a yi maneji," na kuwa koma bakin ƙofa. Wace ƙofa ma, tamfol ne aka ɗaura, kuma ɓangarena ne ya yage. Iska ta shigo ta hannun riga ta fita ta wuya. Leɓena da na shafe da man kaɗe ya kwashi ƙurar hanya tas. Ba mu yi nisa ba direba ya karkata kasuwar Muda Lawal, wai wata baiwar Allah za ta ɗauki ɗan saƙo. Ɗan saƙon buhun albasa ne, a kan ƙafata aka zaunar da shi.

A Wunti na ba shi dubu ɗaya. Ya juya ta, ya dube ni, sannan ya yi min lacca kan yadda mai ya koma tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafi, ya rufe da cewa babu canji. Ya nuna wani dattijo da muka sauka tare.

"Na haɗa ku da Baba, ku raba."

Kafin in buɗe baki ya ja kekensa. Baba ya kama hannuna cikin natsuwa ya kai ni teburin mai shayi, a cewarsa nan ne kawai ake samun canji. Ya sa aka haɗa masa mai kauri da madara. Sai ya shaƙi iska.

"Yaro, masa ce a kular nan?"

Wa zai yi wa sa'an kakansa ƙarya? Ya ci, ya yaba hannun Gwaggo, ya sa min albarka. Canjin kuwa a shayin ya ƙare.

Keken Yelwa ba wuya. Muka miƙe titin Dass, ina rungume da kula ina satar ɗuminta. Daidai ƙofar jami'ar ATBU direba ya waigo.

"Yallaɓai, wace Yelwar?"

"Yelwa dai."

"Tudu, Makaranta, Kagadama, Tsakani ko Lebura?"

Na kira Gwaggo. Ta ɗauka, ta tambaye ni ko masar ta isa da zafi, layi ya yanke. Daga nan maganar ta koma hannun fasinjoji. Wata mata ta ce indai Hajiya ce mai darbejiya, Tudu ce, ta san ta. Wani malami ya ce sam, waccan ta rasu bara. Ɗalibin da ke gefen direba ya cire abin kunnensa ya ce a duba taswira a waya, aka yi masa caa. Ana wannan shari'a keke na tafiya, sai ganina na yi a Gwallameji, ƙofar kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya, kowa ya sauka yana min fatan alheri.

Dole na ɗauki shata. Direban ya gane baƙo ne ya faɗo hannunsa, bai bar masallaci ko ɗaya ba. Ban taɓa sanin darbejiya na da yawa haka a duniya ba. Ko'ina in yi sallama, yaro ya leƙo da hancinsa fari fat, in ce Hajiya, ya ce wace Hajiyar.

Bayan azahar muka dace. Hajiya ta buɗe kula, ta taɓa masa da bayan hannu, ta ƙirga da ido.

"Ikon Allah. Yanzu rowa ta koya? Ga ta kuma sanyi ƙalau."

Na ce sanyin gari ne. Ta ce ba komai, zumunci ba ya son lissafi, ta shiga ciki. Ina jin kuka da fiffika, sai ga ta da ƙaton zakara an ɗaure masa ƙafafu.

"Ka kai mata. Ka riƙe shi a jikinka, kada iska ta buge shi."

A bakin titi keke na farko ya tsaya. Direba ya dube ni, ya dubi zakaran da ya leƙo da kai ta wuyan rigar sanyina.

"Alhaji, ku biyu ne fa. Kuma ka riƙe canjinka."