Alhaji Ya Ɗaure Ƙafarsa da Kuɗinsa

Likita ne ya jawo mana. Ya duba Alhaji, ya duba tumbin Alhaji, ya ce a rage mai da gishiri, a riƙa takawa a ƙasa safe da yamma. Takawa a ƙasa, a unguwar Bromakote ta Abijan, inda kowa ya san kowa? Kafin azahar labari ya kai garinsu Maraɗi cewa kasuwa ta karye, an sayar da mota. Don haka Alhaji ya nemi motsa jikin da ba zai zubar masa da daraja ba, ya yi odar keken tsere daga Faransa, mai siririyar taya, wanda yaro zai iya ɗagawa da hannu ɗaya amma kuɗinsa ya isa a aurar da budurwa.

Keken bai zo shi kaɗai ba. Ya taho da matsattsen wando, irin wanda da ɗan Alhaji ne ya saka da sai an kira taron dangi. Ya taho da baƙin tabarau. Hular kwano ce kawai aka ce ta jira wata mai zuwa, wai tana ɓata hoto. Uwa uba kuma ga takalmi.

Wannan takalmi sai an yi masa bayani. A ƙarƙashinsa akwai wani ɗan faranti na roba da aka ɗaure da sukurori uku. Feda kuma tana da baki mai sifirin. Idan ka taka, sai ka ji ƙas, ƙafa ta kulle, kai da keke kun zama abu guda. Fita kuwa hanya ɗaya gare ta: ka murɗa diddige waje. Ja sama ba ya yi, addu'a cikin gaggawa ma sai an haɗa da murɗawar. Kamfanin Look na garin Nevers a Faransa ne ya fito da wannan dabara a 1984, ya aro ta daga maɗaurin takalmin masu sulu a kan dusar ƙanƙara. A 1985 Bernard Hinault ya ci gasar Tour de France karo na biyar da irin wannan feda, daga nan duniya ta bi. A 1990 Shimano na Japan ya kawo wani samfuri da farantinsa ke ɓoye cikin tafin takalmi, har mutum ya iya tafiya da shi lafiya lau. Alhaji ya ƙi wannan. Ya yi kama da takalmin kowa, to ta ina jama'a za su gane tsadarsa?

Abin da mai sayarwa bai faɗa masa ba shi ne, Hinault 'yan sanda ake zubawa su rufe masa hanya. Alhaji kuwa titin Nangui Abrogoua na Ajame zai bi, inda motar fasinja ta gbaka ke tsayawa a duk inda karen mota ya hango fasinja, tasin woro-woro ke kutsowa ta inda babu hanya, mai kura ya tare gefe da buhunan albasa, mai tallar ruwa ta ratsa tsakani. A Ajame ba a tafiya taku hamsin ba a tsaya ba, kuma takalmin Alhaji ba don tsayawa aka yi shi ba.

Kada mai karatu ya zaci faɗuwar irin ta talabijin ce, wadda ake kifewa a guje ƙura ta tashi. Da ma ita ce, da an samu abin ba jikoki labari. Ta Alhaji a tsaye ake yin ta. Gbaka ta ci birki, shi ma ya ci. Keke ya tsaya cak. Ya ja ƙafar dama, ta ƙi. Ya ja ta hagu, ta ce ita ma tana nan. Idanu suka fito. Sai ya fara karkata a hankali, cikin natsuwa, har yana da lokacin yin salati cikakke da duban fuskar duk wanda ke layin sayen abincin garba, kafin ya isa ƙasa, hannu biyu riƙe da kan keke, ƙafafu na nan daram a feda.

Daga nan akwai ladubban da ba a tsallakewa. Na farko, a waiga a ga wa ya gani. Na biyu, a shafa jikin keke a duba fenti. Gwiwar da ke zubar da jini ita ce ta ƙarshe. Karen mota ya leƙo yana "yako, yako", wato sannu, yana danne dariya. Mai garba, ɗan garinsu ne, ya ajiye wuƙar kifi ya rugo: "Sannu Alhaji, Allah ya kiyaye gaba. Ko a kwance maka takalmin a fitar da kai?" Alhaji daga kwance ya ce, "Ba komai, ina gwada birki ne."

Duk da haka sai an kai Tireshbil, don a kan gadar Houphouët-Boigny ake ɗaukar hoto, tafkin Ebriye a baya, dogayen benayen Filato a gefe. A juyar da gwiwar da ta ƙuje, a shanye tumbi, a tura wa 'yan uwa a WhatsApp tare da nasihar cewa lafiya uwar jiki. Wanda bai sani ba sai ya rantse daga Grand-Bassam aka dawo.

Sauka daga keke ma wani aikin ne. Tafin takalmin ba ya lanƙwasa, farantin ya ɗaga yatsu sama ya bar diddige ƙasa, sai ka ga dattijo mai iyali yana ƙwas-ƙwas a kan tayil kamar agwagwa. Ga shi ya matse, don ƙafa na kumbura a zafin Abijan, amma Alhaji ya ce zai saki. Ba zai saki ba, ƙafar ce za ta yi haƙuri. A ƙofar masallaci kuwa ba a barin irin wannan dukiya cikin silifan jama'a. Sai a saka a leda, a ajiye gaban sahu, a yi sallah ido ɗaya na kan liman ɗaya na kan leda.

A gida aka buɗe zaman bincike. An zargi direban gbaka. An zargi gwamnati. Daga ƙarshe aka tsaya a kan kambun baka, don tun ranar da keken ya iso wani maƙwabci ya ce "kai, wannan keke!" bai ce masha Allah ba. Hajiya tana gasa masa gwiwa da ruwan zafi ta ce, "Maigida, shi bakin mutanen ne ya kulle maka ƙafa, ko kai ka biya aka kulle?" Aka ce mata wannan ba maganar mata ba ce.

Alhali maganin ba ya cin ko dala. A jikin feda akwai ɗan sukuru da ake sassautawa don ƙafa ta riƙa fita da sauƙi. Mutum ya jingina da bango ya yi ta kullewa yana buɗewa har diddige ya haddace. Ya saba cire ƙafar dama tun kafin keke ya tsaya, ya karkata gefen titi, don mai faɗuwa ta hagu a Abijan gaban mota yake faɗawa, kuma wuyan hannu da ƙashin kafaɗa ba su san Alhaji ba. Matsalar ɗaya ce: duk wannan sunansa koyo, kuma koyo a tsakar gida ake yin sa, gaban yara. Mu kuwa babba ba ya koyo. Gara ya ɓata a Yopougon da ya tambayi hanya, gara ya sa hannu a takardar Faransanci da bai karanta ba da ya ce a fassara masa. Mun yarda a gan mu a kwance, ba mu yarda a gan mu muna tambaya ba. Girman kai rawanin tsiya, in ji masu iya magana, kuma ba ya tare kai idan aka bugu da kwalta.

Yanzu dai an sa keken a kasuwa: kusan sabo, hawa kaɗan, takalmi kyauta. Maƙwabcin nan mai kambun baka ne ya saya, shi ma likita ya yi masa magana. Aka ƙirga kuɗi, aka yi musabaha, aka yi addu'ar Allah ya sa a mora. Maganar murɗa diddige kuwa Alhaji bai ɗaga ta ba. Shi wa ya faɗa masa?