Baƙin Dillalin Tafiya a Madawa

Ina da wani aboki a Madawa, daura da babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta nufi Maraɗi da Damagaram, wanda sana'arsa shirya wa mutane safara: shi ke rubuta sunayen maniyyata Hajji da Umra a madadin wata ajans ta Yamai, shi ke nuna wa ɗan ci-rani inda ake neman fasfo da katin rigakafi, shi kuma ake tambaya motar da ta fi sammako. Da yake yana da benci da inuwar bedi, ni kuwa ba ni da aikin hantsi, na daɗe ina zama wurinsa, har na haƙiƙance cewa da wuya mutum ya zo neman shawara face ya riga ya yanke hukuncinsa tun daga gida, abin da yake biɗa kurum shi ne wanda zai gaskata shi.

Wanda ke fara sallama, tun rana ba ta yi zafi ba, shi ne tsohon ɗan Abijan. Wannan bawan Allah, irin Adarawan nan da suka ƙarar da ƙuruciyarsu suna talla a bakin teku, yakan zauna ya miƙe ƙafa, ya tambayi hanya, kafin a buɗe baki ya amsa wa kansa. In aka yi zancen Makka, sai ya kawo labarin kakansa da ya tafi a ƙafa ta Barno da Fallomi da Sudan, ya yi shekaru yana noma a hanya kafin ya ga Jidda; ranar da abokina ya yi kasadar gaya masa cewa tun 1973 aka sake wa Fallomi suna ta koma Injamena, ya dube shi duban tausayi ya ce, "Yaro, kai a takarda ka gani."

Bayansa sai attajirin albasa na kwarin Tarka, kuma a kansa nake so in daɗe, domin shi ne ya fi ba ni sha'awa. Mutum ne mai hali, wanda ke loda motoci zuwa Gana da Kwaddibuwa, ba wanda ke shakkar istiɗa'arsa, amma a iyakar saninsa babu wani abu a bayan ƙasa da ake saye a kan kuɗin da aka fara faɗa. Aka gaya masa kuɗin kujera, ya yi salati, ya kama gemu, ya taya rabi. Aka ce masa hukumar alhazai ce ta Yamai ke yanke farashi, ba dillali ba, ya ce to ai hukuma ma mutane ne, a gaya musu wane ɗan wane ne ya taya. Ya tashi ya sa takalmi ya yi taku uku, yana jiran a kira shi a ce an sallama, kamar yadda ake yi a kasuwar Galmi; da ya ji shiru, ya dawo ya zauna, ya tambaya ko in ya biya wa kansa da uwargida za a ba shi gyaran kujerar amarya. A ƙarshe ya ciro kuɗin daga aljihun ƴar ciki, suna ƙamshin albasa, ya ƙirga sau uku da dala da jikka, har kan abokina ya juye.

Malamin Buza shi kuɗi ba su dame shi ba, mas'aloli ne suka hana shi barci: ina alƙibla take ga wanda ke tsakanin sama da ƙasa, a kan me zai yi taimama, yaya kuma zai gane jirgi ya yi daura da miƙati ya ɗaura niyyar harami. Abokina, wanda karatunsa bai wuce Ahalari ba, yakan ce, "Allah gafarta Malam, ai mu ne ya kamata mu tambaye ku." Da ma abin da Malam ke jira ke nan, sai ya gyara rawani ya yi bayani har azahar.

Sa'an nan ga Inna daga Keita, da ƙunshin kuka da daddawa da yaji da garin gero, har da ƙaramin turmi, saboda an ba ta labarin cewa a ƙasa mai tsarki ba a dama fura. Da aka ɗora kayan a sikeli aka ce sun zarce ƙa'ida, ta ce, "Ɗana, ni da na ɗauki duwatsu a ka zamanin aikin Keita da Italiyawa suka kawo a 1984, ina tare ruwa a kan tudu, ban ce sun yi nauyi ba, ashe jirgin nan naku rago ne?"

Akwai kuma mai cewa sai baɗi, wanda shekara bakwai ke nan yana karɓar takarda yana mayar da ita ba cike, kullum yana jiran sakamakon istihara.

Amma wanda ya girgiza majalisar shi ne wani mushe, malamin lakwal, da ya zo a farkon hutun damina ya ce yana so a shirya masa tafiya Kure, tsakanin Doso da Yamai, shi da iyalinsa, su kalli raƙuman dawa. Ɗan Abijan ya tambaye shi wa ya rasu a can, attajiri ya tambaya ko akwai abin sari, Malam ya ce ko ziyarar wani shehi ce. Da ya rantse cewa kallo ne kurum, wurin ya yi tsit, Inna ta matso ta ce masa a hankali ta san mai rubutun sha a Tamaske. Shi kaɗai ne, a iyakar zamana a wannan benci, na ga ya saurari shawara har ƙarshenta, ya biya ba ciniki, ya yi godiya.

Mai karatu, in hanya ta biyo da kai Madawa, ka tsaya ka gaisa da abokina, amma ka zo da tabarmarka, domin malamin Buza bai tashi daga bencin ba tukuna.