Rundunar Ƙoƙon Iri

Da zarar bazara ta tsufa, hadari ya fara leƙowa daga gabas, magidanci a Ruwan Bore yakan dubi 'ya'yansa da wani ido na daban. Jiya bakunan ci ne, yau 'yan aiki ne. An gama sassabe, jakuna sun kai taki, sungumi ya dawo daga maƙera. Zamfara, wadda tun kafuwarta a 1996 take alfahari da noma, ba ta rasa magada ba. Sai dai magadan kowa da halinsa, kuma duk wanda ya taɓa bin sahun shuka a Mada ko Wonaka, ko gonakin Tsafe da na gindin dutsen Kwatarkwashi, ya san su ɗaya bayan ɗaya.

Aikin ba shi da wuya. Babba na gaba yana sara, yaro na biye da ƙoƙo, ya tsinto gero da yatsu uku, ya jefa a rami, ya rufe da diddige. A nan Gama-da-wuri yake nuna basirarsa. Ya yi lissafi ya gano cewa ba faɗin gona ke tsare shi ba, irin da ke cikin ƙoƙo ne. Saboda haka sai ya faki ido, ya tuttule rabi a rami guda, ya bi da ƙafa ya daddale, ya ɗaga murya: "Baba, iri ya ƙare!" Abin da bai sa a lissafi ba shi ne ƙasa ba ta riƙe amana. Kwana huɗu ko biyar bayan ruwa, sai ga gero ya fito cunkus wuri ɗaya kamar gemun bunsuru, sahu uku na kusa da shi kuwa fayau. Uban ba ya ko tambaya. Kunne kawai yake nema.

Ƙaninsa Ci-iri ba ya zubarwa, shi adanawa yake yi a ciki. Ranar gero ba ka jin ɗuriyarsa, ranar gyaɗa shi ne farkon tashi. Ɗaya a rami, biyu a baki. Amma wannan wasa ya daina zama abin dariya tun da aka fara cuɗa iri da garin magani mai launi don kare shi daga ƙwari. Irin da aka yi wa magani guba ne. A gaya wa yaro ƙarara, a sa shi wanke hannu kafin ya taɓa furar da aka kawo.

Akwai kuma Malam Na-damina. Duk rani da bulala ake kai shi makarantar allo, amma ranar da aka ce gobe shuka, sai son karatu ya sauko masa. Tun asuba ya rungumi allo: "Malam ya ce yau akwai tilawa." Ya manta malamin ma yana gonarsa. Ɗan'uwansa mai ciwon cikin safe bai cancanci dogon bayani ba, yakan warke daidai lokacin da aka sauke tukunya.

Wanda nake tausayi shi ne Mai-tono. Shi da gaske yake son abin. An ba shi wake biyar ya shuka a gindin danga, ya shuka, ya yi ban ruwa, ya tsuguna yana jira. Da la'asar ya tone ya duba. Da safe ya sake tonewa. Waken da zai fito cikin kwana huɗu da an ƙyale shi, sai ya mutu saboda yawan gaisuwa. Kada a dake shi. A ba shi wasu biyar, a ce idan ya taɓa su kafin Juma'a ba shi da rabo a ƙosai.

Sai Ɗan-hutu, wanda ake aikowa daga Tudun Wada ko Sabon Garin Gusau ya ga dangi. Yakan iso gona da takalmi mai igiya da wayar yayansa, ya riƙe fartanya a ɗauke shi hoto. In aka yi kuskure aka ba shi kunya guda ya nome, zai share gero tas, ya bar ciyawa tsaye cikin mutunci, don a idonsa ita ta fi kyan gani.

Duk rundunar nan ba wadda ta kai Uwar-lambu. Yarinya ce 'yar shekara tara ko goma, ba wanda ya aike ta. Bayan ɗakin innarta, inda ruwan wanke-wanke ke gangarawa, ta kafa mulki: kuɓewa sahu biyu, sure, rama, kabewa tana hawan danga. Ta san a jiƙa irin kuɓewa ya kwana kafin a shuka, ta san toka tana rage ƙwari, ta kewaye wurin da ƙaya. Tsakaninta da awakin unguwa gaba ce ta har abada, kuma ta san kowace akuya da sunan mai ita. Wata biyu kuɓewa ta fara 'ya'ya, sai kasuwa ta buɗe. Inna ta miƙa hannu za ta tsinka, sai ta ji: "Inna, na nawa za a ba ki?" Bashi ma sai da shaida. A shekarun nan da rashin tsaro ya hana mutane da yawa zuwa gonakin nesa, miyar gidaje da dama daga irin wannan lungu take fitowa.

Manya ma ba a bar su a baya ba. Ga Baba A-zamaninmu, wanda kullum yake nome gona guda kafin hantsi yana ɗan shekara bakwai, yana ba da labarin kuwa daga inuwar kaɗanya. Ga kaka, mai warware duk abin da aka ƙulla. Rana ta ɗan yi zafi, sai ta aiko: "Ku sako mini maigidana, kada ku ƙona shi, wa zai aure ni?" Maigidan nan shi ne Gama-da-wuri.

Na ƙarshe shi ne Baba Ranta-mini. Ya bi al'adar gandu yadda ta dace: safiya ta gonar gida ce, yamma ta yaro ce, ga gayauna an yanka masa. Abin mamaki, a gayauna ba a tuttule iri, ba a cin gyaɗa, ciwon ciki ma ba ya zuwa. Yaro ya yi firi, ya yi maimai, kaka ta yi ya ɗaure damminsa biyu yana mafarkin keke. Sai uban ya zo da murmushi: "Kawo in aje maka." Badi kuma ya zauna a dandali yana kukan yaran zamani ba su son noma.

Mai gida, in ka yanka wa yaro gayauna bana, dammin da ya fito nasa ne. In kuma ka riga ka ranci na bara, biya shi kafin ruwan shuka ya sauka.