Akuyar Masunci da Mai Bin Bashi

Fukaha'u sun tabbatar cewa jinkirin mai hali wajen biyan bashi zalunci ne, matsattse kuwa a saurara masa har Allah ya hore. Amma wane alƙali ne zai yanke hukuncin masuncin fadamar Haɗeja, wanda yake mawadaci ranar da koma ta cika da tarwaɗa, ya wayi gari miskini ranar da kacalla ta toshe hanyar ruwa?

Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, kogin Haɗeja ya daina cika alkawari kan lokaci, alhali mai bin bashi bai taɓa saɓa nasa ba. Wanda ya ga ambaliyar 2022 a Auyo da Kirikasamma kuwa ya san hikimar ajiya, saboda haka in ciniki ya yi albarka sai ya biya rabin bashi, ya zuba adashi, ragowar ya sayi akuya don ranar lalura.

Illa dai ita akuya ba ta san sirri ba. Da mai bin bashi ya yi sallama, maigida ya fara rantsuwar ba shi da ko sisi, sai ta amsa daga bayan danga.