Safar Hannu Mai Guntulallun Yatsu

Duk wanda ya taɓa ratsa dajin Falgore a kan babur da asubar hunturu, daga Tudun Wada zuwa Doguwa, ya san yatsu ne ke fara yin sallama da mai su. To, sai ga masu saƙar kwarashi sun zo da magani: safar hannu ta ulu, wadda ta rufe tafi da wuyan hannu ruf, ta bar yatsun a waje su yi ta kansu.

Ado kam ba a magana. Zare biyu ake ja tare, ja da fari, ana binne ɗaya cikin ɗaya har dagi ya fito raɗau a bayan hannu. Aiki ne mai cin ido, amma mai saye a Kwanar Ɗangora ina ruwansa.

"Hajiya, zaren ne ya ƙare?"

"Yayi ke nan, Malam. Ka ƙirga canji, ka latsa waya, ka ja carbi, duk ba ka cire ba."

"To, a rage mini kuɗin yatsu goma."

Ta rage masa na babban yatsa, ta ce sauran ya dawo da bazara.